Ba Kowace Giyar Inabi Ce Tsufa Ke Yi Wa Rana Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina neman ku ba ni fili in yi gyara a kan wani ɗan labari da kuka buga kwanakin baya game da kwalbar jar giyar inabi ta gonar Romanée-Conti, da ke yankin Burgundy a ƙasar Faransa, wadda aka tsinki inabinta a 1945, aka kuma sayar da ita a gwanjo a birnin New York cikin watan Oktoba na 2018 a kan dala 558,000. Adadin kuɗin daidai ne, ba ni da ja a kansa. Inda nake da ja shi ne ƙarshen labarin, wurin da marubucin ya nuna cewa giyar inabi ƙara tsufa ƙara kyau, har ma duk wanda ya ɓoye kwalba ta shekara hamsin ya ɓoye dukiya. Wannan magana ta yaɗu a bakin mutane, amma duk wanda ya zauna da masu wannan noma ya san ba haka abin yake ba.

Ni Musulmi ne, ba na sha, kuma hukuncin giya a addininmu sananne ne, ba ya jiran bayanina. Wannan wasiƙa ba ta kiran kowa ya kusance ta. Ilimin ƙasar noma ne ya kai ni birnin Bordeaux ina saurayi, na yi shekara uku ina haƙa ramuka a gonakin inabi na yankin Médoc, ina auna zurfin saiwa da yadda ruwa ke ratsa ƙasa, kuma a can na ga irin wahalar da manomi ke sha kafin amfanin gonarsa ya zama abin da zai kai shekara talatin bai lalace ba. A ganina jaridar da ta ɗauko labari ta ɗauki nauyin faɗarsa daidai, ko da labarin abin da masu karatunta ba sa amfani da shi ne, kuma rage wa aikin manomi daraja ne a ce kwanciya a ɗaki kawai ta mai da kayansa zinariya.

Mafi yawan giyar inabin da ake yi a duniya an yi ta ne don a sha cikin shekara ɗaya zuwa uku. Idan aka ajiye irin wannan ta shekara ashirin, abin da za a tarar shi ne ruwa mai launin ƙasa, ƙamshinsa ya gudu, wani lokaci ma ya koma ruwan khal. A Bordeaux ɗin kanta, wadda sunanta ya cika duniya, gonakin inabi sun kai wajen hekta dubu ɗari, amma waɗanda giyarsu ke jure shekaru masu yawa kaɗan ne ƙwarai. Sauran kuwa kasuwa ta juya musu baya, har ta kai a 2023 hukumomin Faransa suka fito da shirin biyan manoma Yuro 6,000 a kan kowace hekta domin su tumɓuke kurangar inabinsu, ana nufin cire wajen hekta 9,500. Da a ce ajiya ce ke kawo daraja, da waɗannan manoma sun zuba kayansu a rumbu sun jira, ba su ɗauko gatari ba.

Abin da ya raba giyar da ke jure tsufa da wadda ba ta jurewa yana farawa ne daga wani ɗanɗano da kowane Bahaushe ya sani, wato bauri. Wanda ya tauna goro, ko ya ciji ɗanyen mangwaro, ko ya kurɓi shayin da ya daɗe a kan wuta, ya san yadda baki ke bushewa harshe ya yi kaushi. Sinadarin da ke jawo haka masana na kiransa tanin, kuma aikinsa shi ne ya kama furotin ya ɗaure shi. A baki furotin ɗin yawu yake kamawa, shi ya sa santsin baki ke ɗaukewa. Wannan dangin sinadari ne ke cikin bagaruwar da majema ke jiƙawa su tsoma fata, kuma na tashi ina ganin majeman garinmu Damagaram suna wannan aiki: fatar da za ta ruɓe cikin kwana uku, idan bagaruwa ta shige ta sai ta shekara aru-aru. Ranar da malaminmu ya bayyana mana cewa sunan tanin ma daga sana'ar jima ya samo asali, a ranar na fahimci giyar Médoc fiye da duk abin da na karanta a littafi. Baurin ne ke tare iska, yana shanye ta a hankali kafin ta kai ga ƙamshi da launi ta lalata su.

Ruwan da ke cikin ɗan inabi kusan fari ne, ko da inabin baƙi ne. Launi da bauri suna cikin ɓawo da ƙwallayen ciki, don haka masu yin jar giya ke barin ruwan tare da ɓawon a cikin babbar randa har wajen mako uku, yis yana mai da sukari barasa, ita kuma barasar tana tatso launi da bauri daga ɓawon. Daga nan za a gane dalilin da ya sa manoman Médoc suka dogara da irin da ake kira Cabernet Sauvignon. 'Ya'yansa ƙanana ne, ɓawonsa mai kauri, ruwansa kaɗan, saboda haka rabon ɓawo a kan ruwa ya fi na sauran iri yawa. Yana da jinkirin nuna, kuma idan shekara ba ta ba shi rana isasshe ba sai ya fito da warin ɗanyen tattasai. Shi ya sa ake haɗa shi da Merlot, wanda ke nuna da wuri kuma ya fi laushi a baki, domin idan ɗaya ya gaza ɗayan ya rufa asiri.

Sai dai bauri iri biyu ne, kuma a nan gwanintar take. Wani dattijo mai kula da gonar da na fi yin aiki a cikinta yakan zaga kowace safiya idan kaka ta kusa, ya tsinki ɗan inabi a nan, ya tsinki wani a can, ya tsotse ruwan ya tofar, sa'an nan ya tauna ɓawon da ƙwallon shi kaɗai. Ya koya mini in yi haka, kuma inabi dai halal ne. Ƙwallon da bai nuna ba kore ne, yana da ɗaci mai kartar harshe, irin wanda ke sa mutum ya yamutsa fuska. Wanda ya nuna kuwa ya koma ruwan ƙasa, yana fashewa ƙaras a haƙori, ɗanɗanonsa kamar soyayyiyar gyaɗa, baurinsa yana kama baki amma ba ya yi masa rauni. Na'ura tana iya auna sukari da tsami cikin minti kaɗan, kuma mukan auna, amma ranar tsinka haƙorin wannan dattijo ne ke yanke ta. Idan aka tsinki inabi baurinsa yana ɗanye, shekara arba'in a kwalba ba za ta nunar da shi ba. 'Ya'yan itacen za su dushe, ɗacin ya tsaya shi kaɗai. Wani masanin Bordeaux mai suna Émile Peynaud, wanda ya rasu a 2004, ya kwashe rayuwarsa yana lallashin masu gonaki su jira inabi ya nuna sosai, su zubar da ruɓaɓɓe, su kula da zafin randa, kuma yawancin abin da ake yi yau a manyan gidajen ya biyo koyarwarsa.

Abokin tafiyar bauri shi ne tsami. Giyar da ba ta da isasshen tsami tana yin lami da wuri kuma ƙwayoyin cuta sun fi samun damar shigarta, wadda tsaminta ya yi yawa kuma tana yanka baki. Wanda zai yi hasashen shekarun da giya za ta kai yana duba abubuwa uku ne tare, wato nunannen bauri, tsami mai rai, da kaurin ɗanɗanon 'ya'yan itace wanda zai iya jira har baurin ya yi laushi. Idan ɗaya ya rinjayi sauran tun tana sabuwa, haka zai ci gaba da rinjaya har ta mutu.

Yanzu in zo ga ƙasa, wadda ita ce sana'ata. Wanda ya saba da noman hatsi, idan aka kai shi gonar Château Latour a gundumar Pauillac da ke cikin Médoc, zai ce an cuce shi, domin tsakuwa ce zalla, farare da jajaye, wasu kamar ƙwan kaza, waɗanda koguna suka gangaro da su daga duwatsu tun zamanin da. Kafin ƙarni na 17 yawancin Médoc fadama ce mai sauro, sai da aka kawo gwanayen janye ruwa daga ƙasar Holan suka haƙa magudanai, tudun tsakuwar nan suka fito fili. Ita kurangar inabi, idan ta sami ƙasa mai taki da ruwa a wadace, sai ta yi ta ganye, 'ya'yanta su kumbura da ruwa, ɗanɗano ya tsinke. A tsakuwa kuwa ruwan sama ba ya kwanciya, saiwa takan nutsa neman laima har ta tarar da yumɓun da ke ƙasa, shi kuma yumɓun yana sakin ruwa kaɗan-kaɗan a lokacin zafi. Sai kurangar ta ji ƙishirwa daidai gwargwado a daidai lokacin da 'ya'ya ke fara juya launi, ta daina fitar da sabon ganye, ta mai da ƙarfinta ga 'ya'yan. Wannan ƙishirwa da ba ta kai ga kisa ba ita ce muke aunawa a ramukanmu, kuma na ga gona biyu da hanya kawai ta raba su, ɗaya tana ba da giyar shekara talatin, ɗaya ta shekara biyar, bambancin yana ƙarƙashin ƙafa inda ido ba ya gani. Tsakuwar kuma tana ɗaukar zafin rana ta mayar wa inabin da dare, abin da Cabernet mai jinkirin nuna ke bukata.

Zuciyar gonar Latour fili ne mai hekta 47 da ake kira l'Enclos, yana kallon bakin ruwan Gironde, inda kogin Garonne da na Dordogne suka haɗu suka nufi teku. Mutanen Médoc suna cewa kurangar kirki ita ce wadda take hango ruwa. Na ga gaskiyar wannan magana a watan Afrilun 1991, lokacin da sanyi ya sauka dare ɗaya ya daskarar da raɓa, ya ƙone sabon tofo a yawancin gonakin Bordeaux. Da gari ya waye, gonakin da ke nesa da ruwa sun yi baƙi kamar an bi su da wuta, na ga manya suna tsaye a bakin kunya ba mai iya cewa uffan, amma tudun da ke gab da Gironde sun tsira da mafi yawan tofonsu, saboda ɗumin da ruwan ke riƙewa.

Bayan ƙasa sai hannun manomi, kuma aikinsa mafi wuya shi ne haƙura da yawa. A manyan gonakin Pauillac ana dasa kuranga wajen 10,000 a hekta ɗaya domin su yi ta gasar ruwa da abinci, ana datse su sosai da hunturu, kuma idan 'ya'ya sun yi yawa a tsakiyar shekara sai a bi a yanke wasu a zubar tun suna ɗanye, kamar yadda manomin gero ke rage tsiro a rami domin waɗanda suka saura su yi zangarniya mai kyau. A ƙarshe abin da kuranga ɗaya ke bayarwa bai cika kwalba ɗaya ba. Duk da haka shekara ita ke da magana ta ƙarshe, kuma dalilin da ya sa ake rubuta ta a jikin kwalba ke nan. A 1961 sanyi da rashin kyan yanayi sun kashe fure da yawa, amfani ya yi kaɗan, sa'an nan rani mai kyau ya biyo baya, ɗan abin da ya saura ya nuna sarai. Giyar Latour ta wannan shekara har yau, bayan shekara sittin da ɗoriya, masana suna sa ta cikin mafi kyau da aka taɓa yi. A 2013 kuwa ruwa ya dami fure, laima ta kawo ruɓa gab da kaka, aka tsinka cikin gaggawa, giyar ta fito marar kauri, kuma masu gonakin da kansu ba su ce a ajiye ta shekara arba'in ba. Ƙasa ɗaya ce, ma'aikata ɗaya, suna ɗaya a jikin kwalba.

Aikin ɗakin ajiya ba zan tsawaita a kansa ba, sai abin da ya shafi tsufa. Ana zuba sabuwar giya a gangar katakon oak mai cin lita 225, wato kwalba 300, ta yi wajen wata 18 a ciki. Katakon yana barin iska ta shiga ƙanƙanuwa, wadda ke sa bauri da launi su haɗu su zauna, kuma yana ƙara nasa ƙamshin. Tun a shekarun 1860 masanin kimiyyar Faransa Louis Pasteur ya nuna cewa iska ita ke nunar da giya, ita kuma ke kashe ta idan ta yi yawa, kuma ƙananan halittu ne ke mai da ita tsami. Daga wannan binciken ne aka sami dabarar ɗumama abin sha don kashe ƙwayoyin cuta, wadda yau ake yi wa madara. Saboda haka ake cika ganga a kai a kai kada a bar wa iska gurbi, ana kuma juye giyar daga ganga zuwa ganga a bar laka a baya. Kafin a zuba a kwalba akan kaɗa farin ƙwai biyar ko shida a kowace ganga, furotin ɗin ƙwan ya kama bauri mafi kaushi ya nutse da shi ƙasa, aikin bagaruwa da fata ke nan aka juya shi. Sa'an nan a ɗanɗana ganga ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ba ta kai ba a fitar da ita daga babban suna. Latour ta fara sayar da irin waɗannan da wani suna dabam, Les Forts de Latour, daga amfanin 1966, kuma wannan hasara ce da gidan ke ɗauka da gangan domin kare abin da ke cikin kwalbar farko.

Game da ɗanɗano, abin da zan faɗa na ɗauko shi ne daga hancina da kuma bakin masu sana'ar da na zauna da su. Giyar Pauillac mai kyau tana sabuwa launinta ja ne mai duhu har ya kusa baƙi, bakin kofin yana ɗaukar shuɗi-shuɗi. Ƙamshinta na baƙaƙen 'ya'yan itace ne, musamman wani ƙarami mai tsami da Faransawa ke kira cassis, tare da ƙamshin fensir da aka feƙe yanzu. A baki kuwa, in ji su, tana da tauri, baurin yana rufe komai, har wanda bai sani ba zai ce ta arha ta fi ta daɗi, kuma a wannan shekarun da gaskiyarsa. Akwai ma wani lokaci, bayan 'yan shekaru a kwalba, da takan yi shiru, ƙamshin farko ya tafi na biyu bai iso ba, masu sana'a su ce ta rufe. Bayan shekara goma sha biyar ko ashirin sai ta buɗe. Ƙwayoyin bauri da na launi sun sarƙu da juna, wasu sun yi nauyi sun kwanta a gindin kwalba kamar baƙar laka, launin ya koma na jan bulo, kaushin ya zama laushi. Ƙamshin da ke tashi a lokacin na taɓa shaƙarsa a wani ɗakin gwaji, kuma ban manta ba: busasshen ganyen taba, katakon al'ul, jemammiyar fata, da wani abu mai kama da ƙamshin ƙasa idan ruwan farko ya sauka. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka zuba a ciki. Masu ɗanɗano suna kuma ƙirga daƙiƙoƙin da ɗanɗanon ke ɗauka a baki bayan an tofar, domin giyar banza tana ɓacewa nan take, ta kirki kuwa tana daɗewa.

Wannan matsayi ma ba ya dawwama. Giya tana hawa, ta tsaya a ƙololuwa na wasu shekaru, sa'an nan ta gangara, 'ya'yan itacen su bushe, tsami ya fito tsirara. Mai kwalba yana iya jira ya wuce lokaci, kuma da yawa sun yi hakan. Ko wadda aka gina don ta daɗe, sai an ajiye ta a wuri mai duhu, mai sanyin digiri 12 zuwa 14 wanda ba ya hawa da sauka, da ɗan laima, kwalbar tana kwance domin toshiyar ɓawon itacen da ke bakinta kada ta bushe iska ta sami hanya. A zafin bazara irin na Damagaram ko Sakkwato, inda ma'auni ke wuce digiri 40, 'yan makonni sun isa su dafa giyar da aka yi wa tanadin shekara talatin. A watan Disamba na 1985 an sayi wata kwalba a gwanjo a Landan a kan fam 105,000, ana cewa ta gidan Lafite na Pauillac ce ta 1787 kuma mallakar Thomas Jefferson ce, wanda ya zama shugaban Amurka. Aka kafa ta ƙarƙashin fitila don masu kallo, zafi ya busar da toshiyar ta faɗa ciki. Daga baya ma aka yi ta shari'a a kan sahihancin kwalaben da suka fito daga wannan tushe.

Wannan ya dawo da ni ga kuɗin da ya ba marubucinku mamaki. Kwalbar 1945 ba don shekarunta kaɗai ta yi wannan tsada ba. Gonar Romanée-Conti gaba ɗayanta ba ta kai hekta biyu ba, kuma a wannan shekara kwalba 600 kacal ta bayar. Tun a shekarun 1860 wani ƙwaro mai cin saiwa, phylloxera, ya shigo Turai daga Amurka ya hallaka gonakin inabi, har aka gano cewa maganinsa shi ne a yi wa kurangar Turai aure a kan gindin kurangar Amurka, kamar yadda muke yi wa mangwaro. Wannan gona tana cikin na ƙarshe da suka riƙe tsofaffin kurangarsu marasa aure, kuma bayan kakar 1945 aka tumɓuke su, ba a sake samun giya daga filin ba sai 1952. Ga shi kuma shekarar da yaƙin duniya na biyu ya ƙare ce, ga shi kwalbar ta fito daga rumbun wani sanannen gidan Burgundy inda aka san duk tarihin ajiyarta. Mai saye ya biya kuɗin ƙaranci da tarihi da amana. Ɗanɗano ba ya ninka sau dubu don farashi ya ninka sau dubu, kuma ban ji wani mai sana'ar da ya yi da'awar haka ba.

Suna ma yana da nasa rabon. A 1855 Sarki Napoleon na Uku ya nemi a jera giyar Bordeaux daraja-daraja saboda baje kolin duniya da aka yi a Paris, dillalai suka duba farashin shekaru masu yawa suka kasa gidaje wajen sittin zuwa aji biyar, da Lafite da Latour da Margaux da Haut-Brion a aji na farko. Babban canjin da aka yi wa jerin shi ne ɗaga Mouton Rothschild zuwa aji na farko a 1973. Jerin yana da amfani, amma ba wahayi ba ne. A 1976 aka shirya gwaji a Paris inda alƙalai Faransawa suka ɗanɗana ba tare da ganin kwalba ba, sai giyar Stag's Leap ta Kalifoniya ta 1973 ta zo ta ɗaya a gaban Mouton da Haut-Brion. Masu goyon bayan Bordeaux suka ce a jira, ta Amurka ba za ta jure tsufa ba. Aka jira shekara talatin, aka sake gwada giyoyin nan a 2006, sai Ridge Monte Bello ta 1971, ita ma ta Kalifoniya, ta zo kan gaba. Ni wannan bai ba ni mamaki ba, domin gonar Monte Bello tudu ce mai duwatsu da sanyin dare, kuma kuranga ba ta san sunan ƙasar da aka dasa ta ba.

Imani da cewa tsohuwar kwalba dukiya ce shi ya buɗe wa 'yan damfara ƙofa, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa na ga gyaran ya zama dole. Rudy Kurniawan, ɗan ƙasar Indunusiya da ke zaune a Kalifoniya a lokacin, ya yi shekaru yana haɗa giyoyi a gidansa yana ɗura su a tsofaffin kwalabe da takardun jabu, attajirai suna rububin saye. Asirinsa ya fara tonuwa a 2008, lokacin da aka kai gwanjo kwalaben Clos Saint-Denis na gidan Ponsot masu ɗauke da shekarun 1945 zuwa 1971, alhali gidan bai fara yin wannan giya ba sai 1982. An kama shi a 2012, aka yanke masa ɗaurin shekara goma a 2014. Waɗanda ya cuta lambar shekara suka saya.

Gidan Latour da kansa ya nuna cewa lokacin buɗewa yana da iyaka ta gaba da ta baya. Al'adar Bordeaux ita ce a sayar da giya tun tana ganga, mai saye ya ɗauki nauyin ajiya. A 2012 gidan ya sanar da ficewa daga wannan tsari, ya ce zai riƙe kayansa a rumbunsa ya fitar da su sai sun kusa isa sha, domin da yawa ana buɗe su tun ba su kai ba, ko su lalace a hannun masu juya su daga ƙasa zuwa ƙasa. Manoman yankin kuma yanzu wata damuwa ce a gabansu. Zafi ya ƙaru, kaka tana zuwa da wuri fiye da lokacin da nake can, sukari yana hawa kafin ƙwallo ya nuna, tsami yana sauka, kuma tsamin nan yana cikin ginshiƙan da ke riƙe giya ta daɗe. A 2021 hukumar da ke kula da sunayen amfanin gona a Faransa ta amince a gwada wasu sababbin iri masu jure zafi a gonakin Bordeaux na gama-gari, ciki har da Touriga Nacional na ƙasar Fotugal, abin da dattijon da ya koya mini tauna ƙwallo ba zai taɓa zaton zai faru ba.

Roƙona gare ku, Malam Edita, shi ne ku buga wannan gyara a shafin da labarin ya fito, kuma idan irin wannan labari ya sake zuwa teburinku, a tambayi gonar da kwalbar ta fito, da yadda damina da rani suka kasance a shekarar da aka tsinki inabin, da kuma hannun da ta kwana a ciki tun daga ranar da aka toshe bakinta. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naku,
Tsohon malamin ilimin ƙasar noma,
Damagaram, Jamhuriyar Nijar.